Amsoshin Tambayoyinku: Wane Littafin Ingila Zan Saya don Nishaɗi?

Malam, rabona da karanta littafin Turanci tun jarrabawar sakandare. Yanzu ina so in riƙa karanta labaran Ingila kafin barci. An ce in fara da Dickens, kuɗina kuma na littafi biyu ne kawai. Me zan saya? Ɗan'uwanka daga Zariya.

Ɗan'uwa, bar Charles Dickens tukuna. Gwani ne, amma kashi-kashi ya riƙa fitar da labaransa, wani duk mako, wani duk wata, shi ya sa suke da tsawo da yawan mutane, Turancinsa kuma na ƙarni na 19 ne. Wanda ya daɗe bai yi karatu ba, in ya fara da shi, da wuya ya kai tsakiya, sai ya ɗauka laifinsa ne alhali zaɓin ne bai dace ba. Karatun nishaɗi littafin da za ka kai ƙarshensa yake so.

Sa kuɗinka duka biyun a kan Agatha Christie. Ta rubuta littattafan binciken kisan kai 66, na farko ya fito a 1920. Turancinta mai sauƙi ne, rabinsa hira ce, kuma tana jan mutum da tambaya ɗaya: wa ya aikata? A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a garinsu, Torquay, don haka in ta yi maganar guba ta san abin da take faɗa. Na farko ka nemi *And Then There Were None* na 1939: an tara mutum goma a wani tsibiri, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu hanyar fita. Na biyu, *The Murder at the Vicarage* na 1930, inda za ka haɗu da Miss Marple, tsohuwar da ke zaune a ƙauye tana saƙa, tana riga 'yan sanda gane mai laifi saboda ta daɗe tana kallon halin mutane. Irin tsohuwar nan ce ta unguwa wadda in an yi sata a gidan biki ba ta tambayar kowa, ta riga ta san wanda idonsa ya canza. A wurina ta fi Poirot, wani mai binciken laifi a littattafan Christie, daɗin zama, ko da yake shi ya fi ta suna.

Roƙona ɗaya: kada ka nemi bayanin waɗannan littattafai a intanet kafin ka gama. Layi ɗaya ya isa ya ɓata maka dare uku.

Malam, tsakanin sabon littafi, na gwanjo da karantawa a waya, wanne ya fi? Malama daga Jos.

Malama, ya danganta da shekarun littafin. Labaran mai binciken laifi Sherlock Holmes, littattafan Jane Austen da na Dickens duk sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta kuma halal a shafin intanet na Project Gutenberg. Ki ɗanɗana a waya tukuna. In ya kama ki, sai ki sayi na takarda, kuma a nan ne ya dace a ƙara kuɗi: bugun Oxford World's Classics da na Penguin Classics suna da bayanai a ƙarshe da ke warware tsofaffin kalmomi, kuɗin da, da al'adun gado da aure. Wordsworth Classics ya fi araha, amma sau da yawa rubutunsa ƙanana ne.

Gwanjo ya fi dacewa da littattafan bincike, waɗanda akasari sau ɗaya ake karanta su a miƙa wa wani. Kafin ki biya, ki buɗe ƙarshen littafin ki tabbata shafukan sun cika, ba tare da kin karanta ba, domin labarin kisan kai da aka yage masa shafin ƙarshe asara ce zalla. Ki duba bango kuma: in an rubuta "abridged" ko "retold", an taƙaita shi ne don ɗalibai, ba ainihin rubutun marubucin ba ne. Wanda tawadarsa ta dushe, layukan suka karkace, yawanci na satar fasaha ne. Ki bar shi.

Malam, 'yata mai shekara 15 ta tono littattafan James Hadley Chase a akwatin babanta. Hankalina bai kwanta ba. Me zan saya mata a madadinsu? Hajiya daga Kano.

Hajiya, kina da gaskiya. Chase Baturen Ingila ne, sunansa na asali René Raymond, amma yawancin labaransa na 'yan daban Amurka ne, cike da bindiga, giya da mata. Ba na yarinya ba ne. Sai dai kada ki kashe mata sha'awar, domin yarinyar da ta je neman littafi da kanta abin farin ciki ce. Ki sayo mata *The Adventures of Sherlock Holmes*, gajerun labarai 12 da za ta iya gama kowanne a zama ɗaya. Bayan shi, *Pride and Prejudice* na Jane Austen, na 1813: uwa ce da 'ya'ya mata biyar, gidan da suke ciki zai koma hannun wani ɗan'uwan mijinta in mijin ya rasu, ita kuma ba ta da magana sai ta aurar da su. 'Yarki za ta ci karo da raye-raye da al'adun da ba namu ba. Ki karanta tare da ita, ku tattauna.

Malam, na yi ritaya, kuma ba na son ƙagaggen labari. Akwai na gaskiya mai daɗin karatu? Dattijo daga Gombe.

Ranka ya daɗe, akwai, kuma Ingilawa sun iya rubuta tarihin rayuwarsu. Na fi so ka fara da James Herriot, wanda sunansa na gaskiya Alf Wight ne, likitan dabbobi a yankin Yorkshire. Littafinsa na farko, *If Only They Could Talk*, ya fito a 1970. Ya canza sunayen mutane da gari, ya ɗan ƙawata wasu wurare, amma aikin na gaske ne: a tashe shi tsakar dare cikin sanyi ya karɓi haihuwar saniya, ga manomin da ya fi yarda da maganin kakanninsa, ga wanda ba ya son biyan kuɗi. Duk wanda ya taɓa kiwo zai yi dariya, wani wurin kuma ya ji tausayi. Babi-babin gajeru ne, sun dace da karatu bayan la'asar.

In kana son wanda ya zo kusa da mu, akwai *The Bafut Beagles* na 1954, inda Gerald Durrell ya ba da labarin zamansa a masarautar Bafut ta Kamaru yana tara namun daji. Idonsa a kan dabbobi babu kamarsa, amma rubutun zamanin mulkin mallaka ne, kuma yadda yake kwatanta mutanen wurin wani lokaci zai ɓata maka rai. Ka shiga da saninka. Idan idanu sun fara gajiya, ka tambayi mai shago bugu mai manyan haruffa, ko ka sa jikanka ya ƙara maka girman rubutu a waya.