Sai na sha ƙwaya uku nake barci, ina tsoron hauka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, tun daga nan barci ya ƙaurace wa idona. Ina kwana juyi har assalatu, da rana ko keken ɗinkina ba na iya hawa, yara sai tsawa nake musu. Mai kemis ya ba ni ƙwayar da ake kira D5. Da fari ɗaya takan kai ni safiya, yanzu sai na haɗiyi uku. Don Allah hauka ce ke neman kama ni? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Hajiya, abin da kika zayyana ba hauka ba ne. Baƙin cikin rashi ne, mai yiwuwa ya fara rikiɗewa zuwa ciwon damuwa, kuma ana warkewa. Ƙwayar nan ce ta tayar mini da hankali.

Kullum sai na ji an ce "ai ta barci ce kawai". Mace za ta kwance bakin zane ta fito da su a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba suna, kamar ta sayo kanwa. D5 diazepam ce mai miligiram 5, mu kanmu ba ma son a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan ta, don ƙwaƙwalwa tana sabawa. Shi ya sa ɗaya ta zama uku. Ba ta taɓa damuwar ko kaɗan, danne ki kawai take yi, ki tashi jiki a mace, kai a nauyaye, ga mantuwa. In aka haɗa ta da taramol ko kodin, wanda gwamnati ta haramta maganin tarinsa tun 2018, numfashi na iya tsayawa cikin barci. Mai kemis bai tambaye ki komai ba, ya karɓi kuɗi ya miƙo. Ranar da ta yanke kuma sai jiki ya hau rawa, zufa, faɗuwar gaba, wani lokaci har jijjiga kamar farfaɗiya. Nan take dangi su ce iska ce, a kwashe mace a kai ta gidan mai magani a yi ta turara mata hayaƙi, alhali aljaninta yana cikin leda a ƙarƙashin matashi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Don haka kada ki ƙara, kada kuma ki yanke ta dare ɗaya. Likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan cikin makonni. Asibitin koyarwa na Shika ba shi da nisa da ku, akwai kuma na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. Ki tafi da ragowar ƙwayar a hannu.

Kafin nan, ga abin da ke hannunki. In kin idar da asuba kada ki koma gado ko da ba ki runtsa ba. Ki fito tsakar gida hantsi ya taɓa ki, hasken safe shi ke daidaita wa jiki lokacin barci. Ki riƙa taka ƙafa rabin awa, ko zuwa gidan 'yar'uwa ne. Goro da shayi mai kauri, daga azahar ki rabu da su. Waya ta kwana nesa da gado. Barci ya ƙi zuwa, ki tashi ki zauna ki ja carbi har ido ya yi nauyi, ya fi juyi da lissafi.

Ki samu wadda kika yarda da ita ku yi hirar Mama, in kuka ya zo ki yi abinki. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da rasuwar ɗansa Ibrahim, don haka kada wani ya ce miki rashin tawakkali ne. Keken kuma ki koma masa, ko rigar yaro ɗaya ce a yini.

In har zuciya ta fara raya miki gara mutuwa, kada ki jira ranar asibiti. Ki faɗa wa maigida ko wata babba a gidanku a ranar, su karɓe ƙwayoyin su ajiye, a kai ki wurin likita.