Tabaran wasan VR ya sa idon ɗana ya yi ja, zai makance ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Kawun ɗana ya kawo masa tabarau na roba daga Kano, irin wanda ake zura salula a ciki a ɗaura a fuska, mutum ya ga kamar yana cikin wasan. Yaron shekararsa 9, ba ya rabuwa da shi. Yanzu idonsa ya yi ja, yana susa, wani lokaci ya ce jiri yake ji. Maƙwabciyata ta ce hasken yana ƙona jijiyar ido. Na saya masa maganin ɗigawa wurin mai talla, jan yana tafiya, in na daina ya dawo. Mako uku ke nan, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Hasken salula ba shi da ƙarfin da zai ƙona jijiyar ido, maƙwabciyarki ji ta yi ta ƙara. Jirin kuwa sananne ne: ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu, kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki yana cewa ana zaune, sai zuciya ta tashi. Ga shi an ƙera waɗannan tabarau ne a kan fuskar manya, waɗanda tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonsu ta kai kusan milimita 63. Ta yaro ba ta kai haka ba, dole idonsa ya yi ta wahalar haɗa hotuna biyu su zama ɗaya. Masu ƙera na tsadar ma sun sa iyaka: kamfanin Sony ya ce tabaransa na PlayStation VR ba na wanda bai kai shekara 12 ba ne, Meta mai Facebook kuma a 2023 ya sauko da iyakar nasa daga 13 zuwa 10, shi ma sai da kulawar iyaye. Ɗanki bai kai ko ɗaya ba, saboda haka a ajiye masa. Idan ya girma, minti 15 zuwa 20 ya cire ya huta, kada kuma ya saka a kusa da murhu, rijiya ko matakala. Yaron da ya taɓa farfaɗiya kada a saka masa sai likita ya yarda.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne kwalbar nan. Maganin da ke kawar da ja, ja ya dawo da an daina, yana iya kasancewa akwai kortizon a cikinsa, wato wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Ki duba jikin kwalbar, idan kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, shi ne. Kullum sai mun ga iyaye sun shigo da irinta a ƙulle a bakin zane, suna cewa ai ta ido ce, sanyi kawai take sawa. Wallahi na gaji da jin wannan magana. Kortizon magani ne mai kyau a hannun wanda ya haska idon ya san abin da ke ciki, yana kuma auna matsin ido lokaci zuwa lokaci. A hannun mai yawo da faranti cikin rana a bakin kasuwa, wanda bai taɓa ganin bayan ido ba, hanyar makanta ce. Yana toshe magudanar ruwan cikin ido, matsi ya hau, a samu hawan jinin ido, kuma yara sun fi manya saurin kamuwa, wasu cikin makonni kaɗan. Mugun abin, ba ya zafi. Idon fari tas, uwa tana murna, jijiyar gani tana mutuwa daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya mutu kuma ba tiyatar da ke dawo da shi. Idan aka daɗe ana ɗigawa yana kawo yanar ido ga yaro ƙarami. Idan kuma akwai gyambo a baƙin idon, kortizon yana kashe garkuwar wurin, ƙwayar cutar ta samu sarari har idon ya huje.

Kada a gudu daga mai talla a faɗa wurin masu cewa a matsa nono, ruwan albasa, ruwan sikari ko fitsari. Tozali ma a bar yaro da shi, yawancin wanda ake sayarwa akwai dalma a ciki. Ban san wanda ya ba mutanenmu fatawar cewa duk abin da ya yi raɗaɗi a ido aiki yake yi ba. Mai sayar da waɗannan kwalabe don ribar dala ashirin ya sani amana ya ci, kuma za a tambaye shi.

Jan da susar na iya kasancewa ba su da alaƙa da wasan. Yaran ƙasar nan da yawa, musamman maza, suna fama da borin ido saboda ƙura da zafi, farin idon ya koma ruwan ƙasa. Idan kuma abokansa suna karɓa suna sakawa, soson da ke taɓa fuska yana ɗaukar apolo daga wannan zuwa wancan.

Gobe da safe ki kai shi asibitin ido na Makka ko sashen ido na babban asibitin Maradi, ki ce a auna matsin idonsa. Ki faɗa musu gaskiyar sau nawa kike ɗigawa a rana, ba wanda zai kama ki da laifi, da wannan ne za su san yadda za a janye maganin. Kafin nan ki riƙa ɗora masa tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan fatar ido, ya daina murzawa. Idan ya ce yana ganin hazo, haske yana damunsa, ko kika ga farin ɗigo a baƙin idon, ku tafi yau.