Akwatin Tambaya: Neman Gurbin Majistir a Injiniyanci a Saudiyya

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata daga Makka, Madina, Jidda da Riyad kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato digiri na biyu a fannin injiniyanci. Mun ɗauki biyar, mun taƙaita su.

Assalamu alaikum. Na gama injiniyancin lantarki a wata jami'a a Najeriya da maki 3.62 cikin 5. Na dawo wurin iyayena a Makka, iƙamata (takardar izinin zama) kuma lafiya lau. Na nemi majistir a nan aka ce sakamakona bai kai ba, alhali a can gida ana ganin wannan makin da daraja. Ina matsalar take?
*Daga wani ɗalibi, Shara Mansur, Makka*

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da mudun wata kasuwa aka auna maka hatsinka. Duka ƙasashen biyu suna cewa "cikin 5", amma biyar ɗin ba ɗaya ba ce. A yawancin jami'o'in Najeriya, wanda ya ci 70 cikin ɗari ya samu A, ya kwashe maki 5 cif; 60 zuwa 69 B ce, maki 4; 50 zuwa 59 C ce, maki 3. A nan Saudiyya kuwa 60 ita ce bakin tsallakewa, 65 D+ ce, sai ka kai 80 kafin ka ga B, maki 5 kuma sai mai 95 zuwa sama. Ko wanda ya faɗi darasi ana rubuta masa maki 1, ba sifili ba. Shi ya sa matakin da ake kira jayyid jiddan (mai kyau ƙwarai), wanda shi aka saba nema ga mai son majistir, yake farawa daga 3.75 cikin 5, ko 2.75 a jami'o'in da ke lissafi cikin 4. Ma'aikacin da ya buɗe takardarka ya ga 3.62, ya ga darussan da ka ci 64 da 67, a idonsa ɗalibi ne da ya sha da ƙyar.

Maganin yana bayan takardar sakamakonka. Kusan kowace jami'a tana buga jadawalin ma'anar maki a bayan takardar ko a shafin ƙarshe, kuma shi ne shafin da mutane suka fi mantawa idan suna ɗora takardu a intanet. Ka haɗa shi da sauran shafukan cikin fayil guda. Ka nemi wasiƙa daga ofishin rijistara ko shugaban sashenku da ke bayyana cewa 3.50 zuwa 4.49 shi ne mataki na biyu mafi daraja a tsarinsu. In za su faɗi na nawa ka zo a ajinku, hakan ya fi komai amfani. Kada ka juya makin da kanka zuwa ma'aunin 4 ka cike fom da shi. Rubuta abin da ke kan takarda, domin duk saɓani tsakanin fom da takarda yana iya sa a ajiye neman naka gefe ba tare da an tambaye ka dalili ba.

Sai batun tasdiƙi, wato tabbatar da sahihancin takardu a hukumance. Takardun Najeriya sukan bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, duk a Abuja, kafin su kai ga ofishin jakadancin Saudiyya. Wannan zagayen yana cin makonni, don haka a fara shi tun kafin a buɗe neman gurbi. Ka kuma duba sunanka harafi bayan harafi. In fasfo ya ce Muhammad, takardar digiri ta ce Mohammed, iƙama kuma ta ƙara sunan kaka, ka tanadi takardar rantsuwar kotu da ke nuna mutum ɗaya ne.

Ni injiniyan gine-gine ne, shekarata huɗu ina aiki da wani kamfani a Riyad. Kowa cewa yake in nemi KAUST don ita ce babba. Ko KFUPM ta fi?
*Daga wani injiniya, Riyad*

Injiniya, masu ba ka shawarar ba su buɗe jerin fannonin jami'ar ba. KAUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wadda aka buɗe a 2009 a Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, jami'ar bincike ce ta masu digiri na biyu da na uku. Tana da injiniyancin injina, na sinadarai, na lantarki da kwamfuta, da kimiyyar kayan ƙira da ta muhalli, amma ba ta da sashen gine-gine da hanyoyi irin wanda ka sani. In zuciyarka tana kan kankare, gada da ƙasar da ake aza harsashi a kai, to ka dubi KFUPM, wato Jami'ar Man Fetur da Ma'adinai ta Sarki Fahad da ke Zahran, wadda ta faro a 1963 a matsayin kwalejin man fetur da ma'adinai, ko Jami'ar Sarki Sa'ud da ke nan kusa da kai, ko ta Sarki Abdul'aziz a Jidda.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ba ka yi ta ba: wane irin majistir kake so? Iri biyu ne. Akwai mai risala (kundin bincike), inda za ka yi darussa kamar takwas sannan ka duƙufa kan bincike guda ƙarƙashin mushrif, wato malamin da ke duba aikinka, ka rubuta, ka kare a gaban kwamiti. Shekara biyu ne a takarda, yakan kuma zarce idan na'urar gwaji ta lalace ko samfurin kankarenka ya ƙi ba da abin da ake tsammani, ga shi kowane zubi sai ya kwana 28 kafin a gwada ƙarfinsa. Wannan shi ne hanyar dukturah (digiri na uku) da koyarwa, kuma a nan tallafin karatu ya fi yawa. Ɗayan kuma darussa ne zalla da ɗan aikin kammalawa, galibi da kuɗinka za ka yi, wasu da yamma ake yin su. Mai son ƙarin girma a kamfani, wannan ya ishe shi. A ganinmu, wanda yake tsaye a wurin gini tun asuba har la'asar ya ce zai haɗa da risala, ɗaya daga cikin biyun zai sha wuya, kuma yawanci risalar ce.

Na aika wa malamai sama da talatin imel ina neman su zama mushrif ɗina, babu wanda ya amsa.
*Daga wani mai karatu, Jidda*

In wasiƙa ɗaya ka rubuta ka rarraba wa mutum talatin, su ma sun gane. Farfesa yana ganin irinta kullum: doguwar gaisuwa, yabon jami'a, sai "ina sha'awar bincikenka" ba tare da an ambaci ko guda ba.

Rage su zuwa biyar. Ka shiga Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, ka duba abin da kowannensu ya buga a shekaru uku na baya, domin wanda ya yi suna a wani fanni shekara goma da suka wuce wataƙila ya bar shi. Ka karanta maƙala biyu daga farko har ƙarshe. Sannan ka rubuta abin da bai wuce layi goma sha biyu ba: ko kai wane ne da makinka, wace maƙalarsa ka karanta da tambaya ɗaya ta gaske da ta taso maka, me hannunka ya iya wanda zai amfane shi gobe. "Na iya MATLAB" ba magana ba ce. "Na kwaikwayi inbata mai fasi uku a Simulink, na kuma haɗa ta a kan allo na gwada" magana ce. Ka liƙa takardar tarihin karatunka da sakamako. Kada ka aika ranar Alhamis da yamma, ta kwana biyu a ƙarƙashin wasu. Safiyar Lahadi ko Litinin ta fi. Bayan kwana goma ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka wuce gaba.

Haka wasiƙun shaida, waɗanda galibi uku ake nema. Malamin da ya duba aikinka na shekarar ƙarshe ya fi shugaban tsangayar da bai san fuskarka ba. Ka sanar da su wata guda kafin wa'adi, ka kuma ba da adireshinsu na imel na jami'a. Sau da yawa fom yakan tsaya "bai cika ba" don kawai saƙon da aka tura wa malam ya faɗa akwatin tarkace bai gani ba.

'Yata ta gama injiniyancin sinadarai, shekarunta 27, a nan aka haife ta amma ba mu da jinsiyya (takardar zama ɗan ƙasa). Akwai mata hanya?
*Daga wani dattijo, Hindawiyya, Makka*

Akwai, Baba. Minhar gwamnati, wato tallafin karatu, ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba kashi biyu ce: ta cikin gida, ga mazauna masu iƙama mai rai, da ta waje, ga masu zuwa daga wata ƙasa. Ita ta cikin gida za ta nema, ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya na Ma'aikatar Ilimi ko ta shafin jami'ar. Iyakar shekarun da aka saba gindaya wa masu minha ita ce 30 ga majistir, 35 ga dukturah, don haka tana da sarari amma kada a yi sanya. KAUST tana ɗaukar mata tun buɗewarta, kuma wanda ta ɗauka tana ɗauke masa kuɗin karatu, ta ba shi masauki, inshorar lafiya da alawus na wata. KFUPM ma yanzu tana ɗaukar mata. Abu ɗaya, Baba: a tabbata iƙamarta da fasfonta ba za su mutu a tsakiyar neman ba.

Da Turanci na yi digirina gaba ɗaya. Dole ne sai na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS?
*Daga wata 'yar'uwa, Madina*

Wasu jami'o'in sukan yafe, wasu ba sa yafewa sai ga wanda ya yi karatu a ƙasashen da suka lissafa, kuma ba a jayayya da jeri. Ki ɗauka za ki zauna. Abin da aka fi nema yana tsakanin 6 da 6.5 cikin 9, sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu, IELTS ne ko takwararta TOEFL. Injiniyoyi sun fi zubar da maki a ɓangaren rubutu, don haka ki riƙa gwada rubuta insha'i (maƙala) mai kalma 250 cikin minti 40 da agogo a gabanki. GRE kuwa, jarrabawar neman shiga digiri na biyu, ki duba ko sashen da kike nema yana buƙatarsa kafin ki biya. In yana buƙata, ɓangaren lissafi suke kallo, wanda ake auna shi daga 130 zuwa 170, kuma shi shekara biyar yake yi. Tunda karatu yana farawa wajen ƙarshen Agusta, manyan jami'o'in kuma suna karɓar takardu tun ƙarshen shekarar da ta gabace shi, ki yi rijistar jarrabawar a Satumba ko Oktoba, yadda in makin bai kai ba za ki samu damar sakewa kafin a rufe.