Hukuncin Ɓoye Lambar Kwamfuta a Wi-Fi na Jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Aikina yana sa ni yawan tafiya, kuma nakan hau Wi-Fi na otal da na filin jirgin sama da kwamfutata ta tafi-da-gidanka. An nuna mini yadda ake sa ta riƙa ba da wata lambar MAC daban, ba tata ta asali ba. Shin wannan bai shiga ƙarya ko ha'inci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malaman usulu suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake, don haka bari mu fara da wannan lamba. Kowace na'urar da ke kama Wi-Fi tana da lamba mai alamomi 12, waɗanda shida na farkonsu ke nuna kamfanin da ya ƙera ta, kuma kwamfuta tana bayyana lambar ga na'urar rarraba intanet, wani lokaci tun tana lalube kafin a haɗa su. Tunda lambar asali ba ta canzawa, duk wanda yake tara ta zai iya sanin ranar da ka zo, tsawon zamanka, da sauran wuraren da ka bi. A shekarar 2013 an gano wani kamfani a Landan ya sa na'urori cikin kwandunan shara na bakin titi suna tattara lambobin wayoyin masu wucewa ba da saninsu ba, har hukumar birnin ta umarce shi ya daina.

Idan an gane haka, ɓoye lambar don kare kai halal ne. Asalin al'amuran duniya shi ne halacci sai dalili ya hana, kuma shari'a ta ba sirrin mutum alfarma: Allah Ya hana bin diddigin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya umarci ɗansa Yusuf ya ɓoye mafarkinsa ga 'yan'uwansa don gudun makirci. Wanda aka hana a yi masa leƙen asiri, ba za a ce masa ya bar tagarsa a buɗe ba.

Ita kuwa ƙarya, labari ne da ka bai wa wani alhali ka san ba haka yake ba, domin ya gaskata. Mai otal bai tambaye ka lambar asali ba, bai kuma gina wani haƙƙi a kanta ba. Abin da na'urarsa ke buƙata kawai shi ne alamar da za ta bambanta ka da sauran baƙi. Bugu da ƙari, abin ya riga ya zama al'ada sananniya, domin manhajojin waya Android 10 tun 2019 da iOS 14 tun 2020 suna sauya lambar da kansu ba tare da an umarce su ba, Windows 10 ma tana da maɓallin kunna shi, kuma masu kula da irin waɗannan wurare sun san da hakan. Abin da kowa ya sani a al'ada ba a kiran sa yaudara.

Sai dai niyya da sharaɗi suna juya hukuncin, kuma a nan ne mutane da yawa ke zamewa. Filin jirgin da ya ba kowane matafiyi wasu mintuna kyauta, sauran kuma sai an biya, da wannan lamba yake gane wanda lokacinsa ya ƙare. Wanda ya riƙa sauya ta don ya dawo a matsayin sabon baƙo ya ci dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana, kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ƙanƙantar kuɗin ba ta halatta shi. Ya fi wannan muni a kwafi lambar wani da ya biya a shiga da ita, saboda an haɗa satar haƙƙinsa da jefa shi cikin zargin duk ɓarnar da aka aikata da sunansa. Haka nan idan ma'aikatarku ko makarantarku ta sharɗanta yin rajistar lambar asali kafin a ba ka damar shiga, kuma ka amince, wajibi ne ka kashe sauyin a wannan wurin, domin Musulmi suna nan a kan sharuɗɗansu.

Ina ƙara maka da cewa sauya lambar ba ya rufe abin da kake aikawa, kuma da zarar ka shigar da sunanka ko lambar wayarka a shafin shiga na otal, ka riga ka gabatar da kanka. Idan akwai amanar mutane a kwamfutarka, kamar bayanan abokan ciniki ko na marasa lafiya, to kiyaye ta ya wuce halacci ya zama wajibi a kanka, kuma sai ka haɗa da VPN amintacce, wato manhajar da ke rufe abin da kake aikawa, ka kuma tabbata shafin da za ka shigar da bayanai yana farawa da https.

Allah ne Mafi sani.