Ma'auni ɗaya ya ce 1.023, ɗayan ya ce 1.027: wanne zan gaskata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da tankin gilashi na ruwan teku mai cin lita 200, watansa bakwai da kafawa, da kifaye huɗu da 'yan murjanai masu laushi a ciki. Tun farko da ma'aunin roba mai allura nake auna gishirin, kullum yana nuna mini 1.023. Makon jiya na sayi rifiraktomita, na'urar da ke auna gishirin ruwa ta hanyar haske, na saita ta da tataccen ruwa marar gishiri kamar yadda takardarta ta ce, sai ta nuna 1.027. Ruwa ɗaya, rana ɗaya. Ga shi biyu daga cikin murjanan sun fara tsukewa. In ƙara gishiri ne, ko in ƙara ruwa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai ina roƙonka ka ajiye bokitin. Kada ka zuba gishiri, kada ka zuba ruwa, sai ka gano wanne daga cikin ma'aunan nan biyu ke faɗa maka gaskiya. Mai yiwuwa ma duk biyun sun ɗan kauce.

Abin da muke nema a tankin murjani shi ne kwatankwacin ruwan teku, wato giram 35 na gishiri a kowane kilo ɗaya na ruwa. A lissafin nauyin ruwa, wanda ma'aunanka biyu ke nuna maka, wannan yana zuwa kusan 1.026 idan zafin ruwan yana digiri 25. To, 1.023 ɗinka gishiri ne kusan 30 da rabi, 1.027 kuma kusan 36. Tazarar ta kai giram biyar a kowane kilo. A lita 200 kuwa, kilo guda ne cur na gishiri tsakanin maganar wannan da ta wancan. Ka ga abin da za ka juye wa dabbobin nan in ka bi ma'aunin da ya yi kuskure. Murjani yana iya jure gishiri mai ɗan yawa, don a Bahar Maliya yakan kai 40 kuma ga murjani nan birjik. Hawa da sauka na ba-zata ne ke wahalar da shi.

Ma'aunin roba mai allura ba zan daɗe a kansa ba, don ban yarda da shi ba a tankin murjani. Kumfar iska guda, wadda ba ta kai kan allurar ɗinki ba, in ta maƙale a hannunsa sai ta ɗaga shi ya nuna fiye da gaskiya. Gishirin da ya bushe a gindin hannun kuma yakan riƙe shi ya kasa tashi. Bayan wata bakwai ana tsoma shi, in ba a ɗauraye shi da ruwa mai daɗi duk bayan aiki, abin da ya fi yiwuwa ke nan ya same shi. Jiƙa shi a ruwan khal na 'yan sa'o'i, ka ɗauraye, in ka cika shi ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa da farce kumfar ta tashi. Zai ɗan gyaru, amma kada ka ɗora rayuwar tankin a kansa.

Rifiraktomita ta fi shi nesa ba kusa ba, sai dai akwai wani tarko a cikinta da takardar ba ta faɗa maka ba. Ita wannan na'ura lanƙwasar haske take aunawa, yadda haske ke karkata in ya ratsa ruwa, sannan ta mayar maka da shi lamba. Da yawa daga cikin masu araha an yi su ne don ruwan gishirin girki zalla. Ruwan teku kuwa ban da wannan gishirin akwai maganiziyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam a cikinsa, kuma yadda suke karkatar da haske ya ɗan bambanta. Saboda haka in ka saita irin wannan na'ura a kan sifili da tataccen ruwa, ruwan tekun da gishirinsa 35 ne za ta nuna maka shi kusan 36 da rabi. Sifilin daidai yake, amma can sama inda kake buƙatarta ta zame. Wannan ne ya sa nake kyautata zaton ruwanka yana kusa da 1.026, kuma babu abin da ya same shi ta fuskar gishiri. Zato ne dai, sai an gwada.

Gwajin shi ne ka saita ta a kan 35, inda za ta yi aiki. Ana sayar da ruwan saiti a 'yar kwalba, an rubuta 35 a jikinta. In kana da sikeli mai auna giram da ɓurɓushinsa, kana iya haɗa naka: giram 36.5 na busasshen gishirin girki a cikin giram 963.5 na tataccen ruwa, ka motsa har ya narke sarai. Wannan haɗin yana karkatar da haske daidai da ruwan teku mai 35. Na rifiraktomita ne kaɗai, kada ka saita ma'aunin nauyi ko na lantarki da shi, kowannensu da nasa haɗin. Kuma ka riƙa toshe kwalbar sosai, don in ta sha iska ruwan zai ragu gishirin ya ƙaru, ta koma tana ɓatar da kai.

Ga yadda nake yi. Na ɗaga murfin, na goge gilashin da ƙyalle mai laushi har ya bushe ƙarau. Na ɗiga ɗigo uku, na kwantar da murfin a hankali, na duba ko ruwan ya malale ko'ina ba tsibirin iska. Daga nan sai na jira kamar daƙiƙa 45. Jiran nan mutane suke tsallakewa, alhali ɗigon yana buƙatar ya ɗauki zafin gilashin kafin layin ya tsaya, ko da na'urar mai gyara zafi da kanta ce. Sai na ɗaga ta wajen haske na leƙa: sama shuɗi, ƙasa fari, na murɗa bakin leƙawar har iyakar da ke tsakaninsu ta fito tar kamar an ja ta da reza. In ba a kan 35 ta zauna ba, na sa ƙaramin sukundireba a kusar da ke sama na juya kaɗan-kaɗan har ta hau. Na ɗauraye, na goge, sannan na ɗebo ruwan tanki daga tsakiya na auna sau biyu.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, ni ma na taɓa shan wahalarsa. Na yi makonni ina zuba wa wani tankina maganin kalsiyam da na maganiziyam, gwaji na ta nuna mini sun yi ƙasa, murjanai masu tauri sun daina girma, raina duk a ɓace. Ranar da na samu ruwan saiti sai na tarar gishirin 32 ne, ni kuwa ina ganin 35. Ruwan teku mai 35 yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 420 da maganiziyam kusan kashi 1,280 a cikin kashi miliyan na ruwan. In ya sauka 32, da kansu za su koma wajen 384 da 1,170, don ruwan ne gaba ɗaya ya tsinke. Da na gyara gishirin a hankali, lambobin suka dawo ba tare da ƙarin magani ba.

Idan bayan saitin ka ga akwai gyara, kada ya wuce lamba ɗaya a rana, kamar daga 36 zuwa 35. A tankinka hakan na nufin ka kwashe kamar lita biyar ka mayar da tataccen ruwa, kaɗan-kaɗan kusa da famfo. In ƙari ake buƙata, kada ka taɓa watsa busasshen gishiri a cikin tanki. Ka haɗa ruwan gishiri a bokiti, famfo ya juya shi na wasu sa'o'i, ka riƙa cike gurbin ruwan da ya ƙafe da shi na 'yan kwanaki. A sauran lokuta kuwa tataccen ruwa kaɗai ake cikewa da shi, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Manna 'yar alama a jikin gilashin daidai bakin ruwa, kuma kullum sai ka cike zuwa alamar kafin ka auna, in ba haka ba lambar safe daban, ta yamma daban.

Game da murjanan da suka tsuke, wasu masu laushi, musamman irin masu kama da fata, sukan rufe na kwanaki su yi saɓa su sake buɗewa. Duba zafin ruwan, ka gwada alkali (wato ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami), ka lura ko wani kifi na tsattsagarsu. In ka saita na'urar a kan 35, ka rubuto mini lambar da ta ba ka da ta alkalin, da sunan murjanan biyu, mu duba tare.