Kun Tambaya, Mun Amsa: Wace ce sarauniyar Rum da ta biya Haruna Rashid haraji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a makarantar dare malaminmu ya ba mu labarin wasiƙar da Niƙfur sarkin Rum ya aika ma Haruna Rashid, yace wai matar da ta riga shi sarauta raunin mata ne ya sa ta riƙa biyan kuɗi. Abin ya tsaya min a rai, mu nan ai mata sun riƙe gari tun kafin zuwan Bayajida. Wace ce ita, kuma da gaske rauni ne? Daga Maman Ummi, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Ummi. Sunanta Airin, 'yar garin Atina ce ta ƙasar Girka, an kai ta Kustantiniya (Istanbul ta yanzu) a 769 aka ɗaura mata aure da Liyo na Huɗu, wanda ya gaji sarautar Rum. Mijin ya rasu a 780 ya bar mata yaro ɗan shekara 9, shine ta zama mai riƙon sarauta, ga 'yan uwan mijin suna ta kitsa yadda za su ƙwace kujerar, ita kuwa ta sa aka maida su limaman coci ƙarfi da yaji don kada su ƙara cancantar sarauta. Kin ga wannan ai ba aikin mai rauni ba ne.

Maganar kuɗi kuwa gaskiya ta biya. A 782 Haruna, lokacin babansa Mahdi ne halifa, ya kawo runduna har bakin ruwan da ke kallon birninta, ga wani babban kwamandanta ya koma ɓangaren Larabawa, to mi za ta yi? Ta amince da harajin dinari dubbai duk shekara aka yi sulhun shekara 3. Ni a ganina lissafi ne, ta sayi lokaci ta gyara cikin gida, don a 787 ta tara malaman kirista a garin Nikiya aka dawo da girmama hotunan waliyyansu da aka haramta shekara da shekaru, bayan sojoji sun tarwatsa mata taron farko a 786.

Inda ba zan kare ta ba shine abin da ta yi ma ɗanta. Yaro ya girma yana son sarautarsa, sojoji suka mara mai baya a 790, shi da kanshi ya dawo da ita fada a 792, amma a 797 mutanenta suka kama shi suka ƙwaƙule mai ido a ɗakin da ta haife shi. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina yai sanyi, ɗan cikinki fa! Daga nan ta yi mulki ita kaɗai shekara 5, har tsabar zinari an buga da fuskarta gaba da baya, kuma cikin hujjojin da aka kafa a Turai da Fafaroma ya naɗa Shalman, sarkin ƙasar Faransa ta wancan zamani, a matsayin sarkin Rum a shekarar 800 har da cewa mace ce a kai, don haka kujera babu kowa.

Shi Niƙfur ɗin ma'ajinta ne fa, shi ya tuɓe ta a 802, aka kai ta tsibirin Lesbos ta rasu a 803. Ya hana haraji, Haruna ya taso a 806 ya ci garin Hiraƙla, sai ga Niƙfur ya amince da zinari 30,000 duk shekara, har da jiziyar kanshi da ta ɗanshi.