Tagar da ta haɗa rumbu biyu: za a iya yin gyara ta cikinta?

Ɗan'uwa, ka ce kun haɗa rumbun bayanan kwamfuta na masaukan alhazai na Makka da na motocinsu na Jidda a taga ɗaya, wato shafi guda da ke nuna bayanan rumbunan biyu tare, kana tambaya ko gyaran da aka yi ta tagar zai isa asalinsa. Zai isa, muddin kowane abu a tagar yana riƙe da lambar shaidar abin da aka ciro shi daga gare shi. Idan babu wannan lambar, tagar ta kallo ce kawai.

Shi ya sa tun a zanen UML, wato zanen da ke nuna tsarin manhaja, nake jan kibiya daga kowane fili (gurbin bayani ɗaya a tagar) zuwa rumbun da ya mallake shi, in rubuta ko karantawa ce, ko gyara, ko sharewa. Filin lissafi, kamar jimillar mutanen ɗaki, ba ya gyaruwa: in ka mayar da 4 ta koma 3, wa aka cire? Sharewa ce ta taɓa ƙona ni. Na goge alhaji ɗaya daga jerin ɗaki, sai kujerarsa ta motar Madina ita ma ta goge tare da shi, bawan Allah ya yini a tasha da jakarsa.